Kada Garin Gudun Tabarau A Rasa Ido

Idan ka haura shekara 40, kuma ka lura sai ka miƙe hannu da wayarka kafin ka iya karanta saƙo, ko zura zare a allura ya zama aiki, ko wasullan Alƙur'ani sun fara cakuɗe maka bayan magariba, to ka kwantar da hankalinka. Ba jifa aka yi maka ba, makanta ma ba ta kama ka ba. Abin da ya same ka likitoci suna kiransa firesbiyofiya, wato raunin ganin kusa da shekaru ke kawowa, kuma duk wanda Allah Ya ba tsawon rai sai ya gamu da shi. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne mutanen da suka mayar da wannan lalura hanyar cin abinci, suna yawo a kasuwanni da tashoshin mota da shafukan Facebook da kwalaben da suke rantsuwa za su raba ka da tabarau har abada. Ƙarya suke yi, kuma ƙaryar tana cin idanun jama'a.

Ga yadda abin yake. A cikin idonka, bayan baƙin ido, akwai wani ɗan madubi garai-garai mai taushi. Idan ka dubi abu na kusa, wata tsoka da ke kewaye da shi takan motsa, sai madubin ya ƙara kauri don hoton ya faɗa daidai a bangon ido. Yaro ɗan shekara 10 yana ganin abu tar a tazarar da ba ta kai santimita 10 ba. Amma madubin nan yana ƙara tauri shekara bayan shekara, har ya zamana ɗan shekara 60 ba ya ganin ƙananan rubutu sosai sai a tazarar da ta kusa mita guda. Yanzu ka tambayi mai kwalba: ta wace hanya ruwan ganyensa zai ratsa cikin ido ya tausasa abin da shekaru suka taurara? Har yau babu wani ganye, ko saiwa, ko ƙwayar ƙarin abinci da bincike ya tabbatar tana yin haka.

Za a ce maka tabarau yana kashe ido, wai da zarar ka fara sa shi ba ka rabuwa da shi. Wannan magana ta samu gindin zama ne saboda mutane suna ganin mai tabarau yana sauya shi da mai ƙarfi bayan 'yan shekaru. Gaskiyar ita ce madubin ido zai ci gaba da tauri ko ka sa tabarau ko ba ka sa ba. Mai shekara 40 zuwa 45 yakan fara da lamba +1.00, a hankali ya kai +2.50 ko kusa da haka wajen shekara 60, daga nan abin ya tsaya. Ɗora wa tabarau laifin wannan kamar ɗora wa sanda laifin tsufan mai dogara ta ne. Wanda ya ƙi sa shi bai adana ƙarfin idonsa ba, ciwon kai da gajiya kawai ya saya wa kansa.

Kuma asarar ba ta tsaya ga ciwon kai ba. A rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar kan gani a 2019, an ƙiyasta mutum biliyan 1.8 ne ke da wannan lalura, kuma fiye da miliyan 800 daga cikinsu ba su da tabarau ɗin da zai gyara musu. A 2018 an wallafa wani bincike da aka yi kan masu tsinkar ganyen shayi a jihar Assam ta Indiya: waɗanda aka ba tabarau na karatu sun ƙara yawan abin da suke tsinka a rana da fiye da kashi 20 cikin 100. Ka kwatanta da tela, da mai ɗinkin hula, da mai gyaran waya, da malamin da ke rubuta allo, da uwar gida mai tsince shinkafa. Mafi muni, ka tuna da dattijo mai ciwon sukari da ba ya iya karanta lambar da ke jikin sirinjin allurarsa.

Masu kare maganin gargajiya za su ce ai abinci magani ne. Haka ne, amma kowane magani da cutarsa. Karas, da manja, da zogale, da alayyahu, da hanta suna ba jiki sinadarin bitamin A, wanda rashinsa ke kawo dundumi. Ka ci su, suna da amfani, sai dai ba sa mayar da ganin kusa. Haka motsa ido da ake koyarwa a bidiyo: tun 1920 wani likita a Amurka mai suna William Bates ya yaɗa cewa atisayen ido na iya maye gurbin tabarau, kuma fiye da shekara ɗari ke nan ba a samu hujjar da ta gaskata shi ba. Dabarun gida da ke aiki da gaske ba su da kwalba: ka yi karatu cikin haske mai kyau, ka ƙara girman rubutun wayarka, ka riƙa ɗaga kai ka dubi nesa bayan kowane minti 20, ka bar taba, ka kula da sukari da hawan jini.

Abin da ba za a yi shiru a kansa ba shi ne ɗiga abubuwa a ido. Ruwan albasa, lemun tsami, ruwan sukari, fitsari, ruwan ganyen da ba a san tsabtarsa ba, duk suna iya ƙona fatar baƙin ido ko su shigar da ƙwayar cuta, a wayi gari da tabon da babu tabarau da zai gyara. Wani kwallin ma yana ɗauke da dalma, wadda guba ce, musamman ga yara. Haka maganin ɗigawa na kanti mai sinadarin siteroid: idan aka daɗe ana sa shi ba da umarnin likita ba, yana iya ɗaga matsin cikin ido kuma ya kawo yana. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Likitanci ma yana da iyakarsa, kada wani ya ruɗe ka da sunan maganin Turai. A 2021 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wani maganin ɗigawa mai suna Vuity. Aikinsa shi ne tsuke ƙofar baƙin ido don ganin kusa ya ɗan ƙaru na wasu sa'o'i. Ba ya warkarwa, yana iya kawo ciwon kai da dushewar gani cikin duhu, kuma sai likita ya duba bangon ido kafin a fara shi. Akwai tabarau mai hawa biyu ga mai matsalar nesa da kusa, akwai madubin da ake liƙawa a ido, akwai tiyatar sauya madubin ciki, wadda ta fi dacewa da wanda yana ta riga ta kama. Kowanne da tsadarsa da haɗarinsa. Ga mafi yawan mutane, tabarau na karatu, wanda aka ƙirƙiro a Italiya tun ƙarshen ƙarni na 13, shi ne mafi sauƙi kuma mafi aminci.

To, me zai hana ka tsaya a bakin titi ka gwada na tire har ka dace? Idan idanunka biyu ƙarfinsu ɗaya ne kuma ganinka na nesa lafiya lau, zai iya yi maka aiki, kuma ba zai lalata ido ba. Haɗarin yana wani wuri dabam. Shekarun da ganin kusa ke raguwa su ne shekarun da hawan jinin ido, wato gilakoma, ke fara ɓarna a ɓoye, ba zafi ba ja. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa bayan yanar ido, gilakoma ce ta biyu wajen makantar da masu shekara 40 zuwa sama, kuma ganin da ta ɗauke ba ya dawowa. Mai tire ba ya auna matsin ido, ba ya ganin abin da sukari ya yi wa jijiyoyinsa.

Saboda haka ka je a duba ka, ko a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, ko a sashen ido na asibitin da ya fi kusa da kai. Ka nemi a auna matsin ido, a leƙa cikinsa, sannan a rubuta maka lambarka. Ka koma bayan shekara biyu, ko duk shekara idan kana da sukari ko akwai gilakoma a danginku. Idan gani ya ɗauke farat ɗaya, ko kana ganin walƙiya, ko ido ya yi ja da zafi, wannan ba na shekaru ba ne, ka tafi asibiti a ranar. Kuma idan Baba ko Inna suna jin nauyin sa tabarau don kada a ce sun tsufa, ka lallashe su ka kai su da kanka, kafin mai kwalba ya riga ka.