Manhajar waya ba ta jin ƙaurin man giya

Ƴar na'urar nan ELM327 ta samu karɓuwa a wajen matasa masu sha'awar mota. A soka ta a ƙarƙashin sitiyari, a haɗa da waya ta Bluetooth, a buɗe manhajar Torque, sai ga bayanan inji a allo. Abu ne mai kyau. Matsalar ita ce wasu sun fara ɗaukar ta kamar likita, har a-kori-kura tana ƙauri suna cewa lafiya lau tunda waya ba ta nuna komai ba.

A hanyar Sabon Birni zuwa Isa wannan sakaci ne mai tsada. A Disamban 2021 ƴan bindiga suka tare motar matafiya kusa da Gidan Bawa suka cinna mata wuta da mutane a ciki. Direban da ya san wannan ba ya son motarsa ta mutu a tsakiyar daji ko da minti goma.

Tsarin OBD-II da na'urar ke dogaro da shi ya zama dole a Amurka a 1996, a Turai kuma sai 2004 ga motocin dizal. Tsofaffin Hilux masu dizal da Peugeot 504 da ke jigilar gero da wake a yankin, da yawansu ba su da wannan soket mai ƙafa 16, ko kuma ba sa magana da yaren da na'urar ke ji. Ko a motar da ke da shi, jabun ELM327 masu araha galibi matsalar inji kawai suke karantawa. Zafin man giya sai an saka wa manhajar lamba ta musamman, kuma kafin P0218 ta fito, man ya riga ya dahu.

Hanci da farar takarda sun fi sauri. A mota mai giyar otomatik, a tsaya a wuri shimfiɗaɗɗe bayan inji ya yi zafi, a bar shi yana aiki, a zaro gejin man giya a ɗiga a takarda. Mai lafiya ja ne garau. In ya koma ruwan ƙasa mai duhu yana warin ƙanzo, ya ƙone. In akwai baƙin gari a ciki, faifan kulocin da ke cikin giyar sun fara cinyewa, kuma sabon mai ba zai dawo da su ba. In ya yi kamar an zuba masa madara, ruwan lagireto ne ya shiga, kada a ƙara tuƙawa.

Sai dai yawancin motocin nan giyar hannu ce, kuma a nan ake yawan ruɗewa. Man giyar hannu dama yana da wari mai kama da ruɓaɓɓen ƙwai ko da sabo ne. Ƙauri mai kaifi bayan mota ta kafe a yashi an yi ta danna totur, kuloci ne. In daga taya ɗaya yake fitowa, birki ne ya riƙe. Wani lokacin ma mai ne kawai ke ɗiga a kan salansa.

Dalilan ba ɓoyayyu ba ne: lodi fiye da ƙima, yashi, ƙarancin mai, da zafin Afrilu da ke haura digiri 40.

Wayar tana da aikinta. A ɗauki hoton ɗigon man duk wata a kan takarda iri ɗaya, canjin launi zai fito fili, kuma bakanike a Sakkwato zai iya gani ta WhatsApp kafin a kai masa motar. A sauke littafin motar a ajiye a waya don a san irin man da ya dace, domin a Satumban 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 14 na jihar, har da Isa da Sabon Birni, Google bai amfani kowa ba a lokacin. Duk wannan bincike kuwa a tasha ake yin sa da safe, kafin a ɗora buhu na farko.