Mu Ma Muna Cikin Binciken

Malam Edita,

Shekara 9 ke nan ina raka masu bincike rugagen gefen kogin Binuwai. Ni ke ɗiban jinin shanu, ni ke yi musu tafinta da Fulatanci. In rahoto ya fito da Faransanci, sai in bi sunaye har ƙasa, babu nawa, ko a wajen godiya. Abin yana ci mini rai.

A gida ma, gwaggona "wankin kwalba" take kiran aikina.

Garwa fa, inda nake, tana da makarantar horar da masu kula da namun daji tun 1970, ga jami'a tun 2022. Don Allah in wakilinku ya zo nan ɗaukar labarin bincike, ya zauna da mu masu riƙe sirinji, ba manya kaɗai ba.

Wata mai karanta jaridarku,
Garwa, Kamaru