Sankarar jini: a kai yaro gwaji kafin a ce sammu ne

 Akwai wata cuta da ke shiga gidajenmu a Kaduna cikin rigar zazzaɓin cizon sauro, ta cinye watanni ana yi mata maganin da ba nata ba, sai ta ci ƙarfin mai ita kafin a san sunanta. Ita ce sankarar jini, wadda likitoci ke kira lukemiya. Ra'ayina a kanta shi ne, jinkirin da muke yi ya fi cutar kanta yi mana ɓarna, kuma wani kaso na wannan jinkiri yana fitowa ne daga gurguwar fahimtar da muke yi wa addini.

Tushen cutar yana cikin ɓargo, wato masana'antar da Allah Ya ajiye a cikin ƙashi don ƙera jini. Ɓargo yana samar da jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iskar da muke shaƙa zuwa sassan jiki, da fararen ƙwayoyi masu yaƙi da cututtuka, da wasu ƙanana masu daskarar da jini idan an ji rauni. A sankarar jini, wata ƙwaya guda daga zuriyar farare ce ke lalacewa, ta riƙa hayayyafa ba ƙaƙƙautawa, 'ya'yanta marasa amfani su cika ɓargon su hana lafiyayyu fitowa. Daga nan alamomin ke tasowa. Ƙarancin jajaye yana kawo kasala da haki da ɗashewar tafin hannu da cikin ido. Rashin farare na gari yana kawo zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. Ƙarancin masu daskarwa kuwa shi ke sa haɓo, da jini a dasashi, da tabo-tabo a fata ba tare da an bugu ba. Sau da yawa akan ga kaluluwa a wuya ko hammata, ciki ya kumbura saboda girman saifa, yaro ya riƙa kukan ciwon ƙashi har ya ƙi taka ƙafa.

Duk wanda ya san gidajenmu ya san abin da ke biyo bayan waɗannan alamomi. Za a je kemis a karɓo maganin zazzaɓi. In bai sauka ba a ce taifod ce. In ciwon ƙashi ya tsananta a zargi sikila ko sanyi. In jiki ya ci gaba da ramewa, sai magana ta koma kan iska ko sammu ko kambun baka. Alhali matakin farko na gano cutar bai fi ƙarfin yawancinmu ba: gwajin ƙidayar ƙwayoyin jini, da duba ɗigon jini a madubin likita. Ana yin wannan a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da sauran manyan asibitocin garin nan. Idan sakamako ya nuna abin zargi, sai likitan jini ya zuƙo ɗan ɓargo daga ƙashin ƙugu don tabbatarwa, kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, mai sashen cututtukan jini, tafiyar kusan kilomita 80 ce kawai daga nan. Zazzaɓin da ya ƙi jin magani, tare da ɗashewa ko zubar jini, hujja ce isasshiya ta neman wannan gwaji a cikin makon, ba bayan wata uku ba.

Cutar iri huɗu ce manya, kuma sanin bambancinsu yana da amfani domin makomarsu ba ɗaya ba ce. Biyu masu gaggawa ne, suna iya kayar da mutum cikin makonni. Wadda likitoci ke taƙaita sunanta da ALL ita ce ta fi kama yara, musamman 'yan shekara 2 zuwa 5. Ta biyun, AML, ta fi yawa a manya kuma ta fi wuyar magani. Sauran biyun masu tafiyar hawainiya ne. CLL ta tsofaffi ce, wani lokaci likita kan sa ido kawai na shekaru ba tare da fara magani ba. CML kuwa takan bayyana da ƙatuwar saifa a jikin magidanci ko matar aure mai matsakaicin shekaru.

Tarihin maganin wannan cuta aya ce ga mai tunani. Lokacin da likitan Jamus Rudolf Virchow ya raɗa mata suna a 1847, duk wanda ta kama ya gama yawo. Shekara ɗari bayan haka, Sidney Farber a birnin Boston na Amurka ya fara ganin cutar ta ja da baya a jikin yara bayan an ba su wani magani. Yau a ƙasashe masu arziki, kusan yara 9 cikin 10 masu ALL suna rayuwa bayan maganin da ke ɗaukar shekara biyu zuwa uku. A 1960 aka gano tawayar ƙwayar halitta da ke haddasa CML, a 2001 aka amince da ƙwayar magani mai suna Glivec wadda ke toshe wannan tawaya, har mai cutar ya riƙa shan ƙwayarsa kullum yana zuwa kasuwa da masallaci. Tun 2003 marasa lafiya a Najeriya suka fara samun wannan magani kyauta ta wani shiri na agaji a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa yayin da fiye da kashi 80 cikin 100 na yara masu sankara ke warkewa a ƙasashe masu arziki, a da yawa daga ƙasashe irin namu ba su kai kashi 30 ba. Cutar ɗaya ce a Boston da Badarawa. Abin da ya bambanta shi ne lokacin da aka gano ta, da samun jini da magani, da iya jurewa har ƙarshe.

A nan ne addini ya shigo. Babu Musulmin da ke musun ruƙya ta shari'a, ko amfanin addu'a, ko cewa waraka ta Allah ce. Abin da ake musu shi ne a mayar da su dalilin rufe ƙofar asibiti. Hadisai ingantattu sun yi umarni da neman magani. Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya ji labarin annoba, ya kuma nuna wa sahabbai cewa ɗaukar mataki shi ma yana cikin ƙaddara. Uban da ya ajiye ɗansa wata uku ana tofi alhali dasashinsa na zubar da jini, ya bar sababin da Allah Ya hore masa, kuma yaron amana ce da za a tambaye shi a kanta. Malamin da aka kawo wa irin wannan yaro, gaskiyarsa ita ce ya yi addu'a ya ce a wuce asibiti a ranar.

Akwai kuma abubuwan da muke yi da kyakkyawar niyya waɗanda ke iya zama ajali ga mai wannan cuta. Ƙaho yana da asali a sunna, amma wanda jininsa ba ya daskarewa bai dace a tsaga masa fata ba, haka nan cire belu ko sakiya a hannun wanzami. Magungunan ciwon jiki irin su asfirin suna ƙara zubar jini. Ƙwayoyin nan da ake saya a kemis don ƙiba ko saukar da kumburi, irin su dekza, suna iya danne ALL na ɗan lokaci, yaro ya ji sauƙi, gwaji ya rikice, cutar ta dawo da ƙarfi. Ya kamata kuma a sani cewa sankarar jini ba a ɗaukar ta ta hanyar zama ko cin abinci tare, kuma a mafi yawan lokuta ba a iya nuna abin da ya jawo ta, don haka babu dalilin zargin kishiya ko maƙwabci. Cikin abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarinta akwai shan taba da sinadarin benzin da ke cikin fetur. Wannan gargaɗi ne ga 'yan bumburutu masu zuƙo mai da baki, da makanikai masu wanke hannu da fetur a Panteka da garejojin Kawo.

Wani zai ce, mene ne amfanin gano cutar da talaka ba zai iya biyan maganinta ba? Tambaya ce mai nauyi. Asusun tallafin masu sankara na gwamnatin tarayya, wanda asibitin Shika ke cikin cibiyoyinsa na farko, ya soma ne da sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Najeriya a 2011 a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin, ya fi ƙarfin kusan kowa. Iyalai da dama sukan fara magani, kuɗi ya ƙare, su koma gida. Amma amsar wannan tambaya tana hannun al'umma. Wanda jinya ta talauta ko ta jefa cikin bashi yana cikin masu haƙƙin zakka. Da attajiran Unguwar Rimi da Malali za su ware wani kaso na zakkarsu, ko su kafa waƙafi, don ɗaukar nauyin yaro guda tun daga allurar farko har ta ƙarshe, da sun ga amfanin da ya fi rabon 'yan dubbai a bakin ƙofa.

Sai batun jini, wanda ba ya buƙatar dukiya. Mai sankarar jini yana buƙatar ƙarin jini a kai a kai, ƙwayoyin daskarwa kuwa ba sa wuce kimanin kwana biyar a ajiye. Malamai sun riga sun share hanya. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke Jidda ta zartar a 1988 cewa ya halatta a ɗauki abin da jiki ke sabuntawa, kamar jini, daga wani a sa wa wani. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta bayyana a 1989 cewa ƙarin jini ba ya haramta aure yadda shayarwa ke yi, kuma sayar da jini bai halatta ba. Tunda sayarwa haramun ce, bayarwa kyauta ta zama nauyi a kan jama'a, wanda in wasu ba su ɗauka ba kowa ya shiga laifi. Lafiyayyen namiji yana iya ba da leda guda duk wata uku ba tare da ya cutu ba.

Saboda haka ina kira ga limamanmu, tun daga Masallacin Sultan Bello har masallatan Juma'a na Unguwar Dosa da Hayin Banki, su ware huɗuba guda su karanta wa jama'a waɗannan alamomi. Ina kira ga Jama'atu Nasril Islam, wadda hedikwatarta ke garin nan tun zamanin Sardauna, da sauran ƙungiyoyi masu 'yan agaji, su haɗa kai da hukumar kula da jini ta ƙasa su buɗe rajistar masu ba da jini a kowace unguwa. Malaman Islamiyya mata su isar da saƙon ga iyaye mata, domin su ne ke fara ganin ɗashewar idon yaro.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya sa jinyarsu ta zama kaffara, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da abin biya. Allah ne Mafi sani.