Kada a ba mu wa'azi da sunan labari

Ina ɗokin ganin sababbin ƙagaggun labarai daga marubutanmu Kiristoci, amma fargabata guda ce: kada su ba mu wa'azi da sunan labari. A makarantar horar da malamai inda nake koyarwa, jarumin da bai taɓa kuskure ba, ɗalibai kan manta shi da zarar sun rufe littafi. Me ya sa har yau ake karanta labarin matafiyin da John Bunyan na Ingila ya wallafa a 1678? Domin matafiyin nan ya ɗauki kaya a gadon baya, ya faɗa taɓo, ya ɓata hanya, ya yi shakka. Malamai da iyaye, mu nema wa ƴaƴanmu labarin wanda ya faɗi, ya tashi.