Kada Tarakta Ta Raba Manomi da Shanunsa

Duk lokacin da damana ta gabato, manoma a jihohin Maraɗi, Damagaram da Tawa sukan shiga neman mai tarakta. Wannan ba laifi ba ne. Aikin da magidanci da iyalinsa za su yi kwanaki suna yi da galma, tarakta takan gama shi tsakanin hantsi da azahar. Amma wanda ya ɗora nomansa duka bisa injin, shekara bayan shekara, ya kamata ya zauna ya yi lissafi.

Ga yadda abin yakan tafi. Shekarar farko manomi ya yi hayar tarakta, ya ji daɗi. Ta biyu ya faɗaɗa gona. Ta uku ya ga shanun noma suna cin harawa ba aiki, ya kai su kasuwa. Da yake garmar tarakta ba ta shiri da kututture, ya tumɓuke gawo da kalgo da sabara. Bayan shekara goma, babu saurayi a gidan da ya iya ɗaura wa sa karkiya. Ranar da ruwan shibka ya sauka, tarakta kuwa tana garaji tana jiran wani ƙarfe daga waje, ko tana gonar wanda ya fi shi kuɗi, sai ya zauna yana kallon maƙwabta suna aiki. Damanar Nijar wata uku ce zuwa huɗu. Wanda ya makara a makon farko, rumbunsa ne zai ba da shaida.

Tarakta da tayoyinta da kayan gyaranta duk daga ƙasashen waje suke zuwa, kuma ba manomi ke yanke kuɗinsu ba. A 1973 farashin mai ya hau a duniya, daidai lokacin da fari ya addabi ƙasa. A watan Janairu na 1994 aka rage darajar kuɗin sefa da rabi, kayan waje suka yi tsada nan take. A 2011 aka buɗe matatar mai kusa da Damagaram, sai dai matata ba ta ƙera taya, ba ta ƙera ƙarfen injin.

Akwai kuma maganar ƙasa. Yawancin gonakin hatsi da gujiya jigawa ne. In aka juye jigawa da zurfi kowace shekara, aka bar ta ba itace, iskar rani takan kwashe samanta. Gawo kuwa yakan zubar da ganye da damana, ya ba gona taki ba tare da ya yi wa shibka inuwa ba. Tun 1983 manoman Maraɗi suka soma sassaben zamani, wato barin kututture ya yi toho a gona, har aikin ya game kimanin hekta miliyan 5 a kudancin ƙasa. Asara ce babba a tumɓuke wannan aiki don a buɗa wa injin hanya.

Inda tarakta ta fi amfani shi ne ƙasa mai laka da fadamu, da gonakin ban ruwa irin na Ƙonni da Jiratawa, waɗanda aka kafa ma'aikatar ONAHA a 1978 don kula da su. A can ƙasa tana da tauri, manoma kuma suna cikin ƙungiya.

Tarihi ya bar darasi. A shekarun 1970 aka raba wa manoma garmar shanu da amalanke bisa bashi, maƙeran ƙasa suka koyi ƙera su da gyara su. Har yau amalanke yana kai taki gona, yana kawo damman hatsi gida. Ya daɗe ne domin gyaransa yana hannun maƙerin gari.

Saboda haka ma'aikatan gona kada su auna ci gaba da yawan taraktocin da aka raba, su auna shi da yawan waɗanda ke aiki bayan shekara biyar. Kafin injin ya shiga gari, a horar da mai gyara, a tanadi kayan gyara kusa. Ƙungiya ta riƙa ware kuɗin gyara daga kowace hekta da aka nome. Waɗanda suka sauke karatun yaƙi da jahilci su riƙe littafi, su rubuta mai da gyara da layin gonaki, don kada mai ƙarfi ya riga kowa.

Manomi kuwa ya hayi tarakta inda ta dace, amma ya bar shanunsa a turke, gawonsa a gona, ya kuma koya wa ƴaƴansa riƙon garma. Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.