Ragowar Tuwo Ba Abincin Kyanwa Ba Ne

Sanin kowa ne cewa da wuya a shiga unguwa a ƙasar Hausa ba a tarar da gidan da ake kiwon kyanwa ba, galibi domin ta tsare rumbu da ɗakin ajiya daga ɓarnar ɓeraye. Sai dai abin takaici shi ne, yawancin masu kiwon ba su ɗauki cinta da shanta a bakin kome ba. Abin da aka saba shi ne a kankare ƙanzo, a haɗa da ragowar tuwo da miya, a zube mata a sakaina. Wannan al'ada tana bukatar gyara, domin sannu a hankali take kashe dabbar.

Kyanwa dai maciyar nama ce zalla. Haƙoranta 30 an yi su ne don yaga da yanka, hanjinta kuwa gajere ne, bai dace da tarin hatsi ba. Akwai wani sinadari da ake kira taurin, wanda ake samu a nama, musamman zuciya da kifi, wanda kuma babu shi a dawa ko gero ko masara. Jikin mutum da na kare suna iya haɗa nasu, amma abin da jikin kyanwa ke haɗawa ba ya isarta. A shekarar 1975 masana a Amurka suka nuna cewa rashinsa yana lalata idon kyanwa har ta makance. A shekarar 1987 kuma Dokta Paul Pion da abokan aikinsa na Jami'ar Kalifoniya da ke Davis suka gano cewa rashin nan yana sa zuciyarta ta saki ta kasa harba jini. Da kamfanonin abincin dabbobi suka ƙara taurin cikin kayansu, sai ciwon ya ragu ƙwarai.

Ita kuwa miya, ba yunwa kaɗai take bari ba, har guba gare ta. Albasa da tafarnuwa, ɗanye ko dafaffe, suna farfasa jajayen ƙwayoyin jinin kyanwa, sai a ga ta yi laushi, dasashinta ya yi fari. Haka nan madarar shanu, wadda mutane ke zaton gata ce, takan sa yawancin manyan kyanwoyi zawo, tun da yake bayan yaye cikinsu ba ya iya narkar da sukarin da ke cikinta sosai.

Wasu za su ce ai kyanwa mafarauciya ce, in an ƙosar da ita za ta yi lalaci ta daina kamun ɓera. Wannan zance ba shi da tushe. Farauta ɗabi'arta ce, ƙosasshiya ma tana yi, alhali kuwa ramammiya ba ta da ƙarfin daka tsalle. Bugu da ƙari, wadda yunwa ta kora bola ita ce ke cin mushen ɓeran da ya sha guba, ta bi shi.

Har ila yau, masu hali ma ba su tsira daga kuskure ba. Wanda ya ɗora kyanwarsa a kan hanta kullum, zai tara mata bitamin A fiye da kima, har ƙasusuwan wuyanta su manne ta kasa waiwaye. Tsokar nama zalla kuma ba ta da isasshen sinadarin gina ƙashi, don haka 'ya'yan kyanwar da aka raina da ita kan tashi da ƙashi marar ƙwari. Wanda ke sayen busasshen abincin kanti kuwa, ya sani ruwan da ke cikinsa bai wuce kashi 10 cikin 100 ba, alhali jikin ɓera wajen kashi 70 ruwa ne. Kyanwa ba ta cika shan ruwa ba, kuma ƙarancinsa na taimakawa wajen toshewar mafitsara, musamman ga muzuru, abin da kan kashe shi cikin 'yan kwanaki.

Gyaran bai fi ƙarfin talaka ba. 'Yar zuciya da ƙundu daga wajen mahauta, da dafaffen kifi wanda aka zare wa ƙaya, da dafaffen ƙwai, a cire mata rabonta kafin a zuba albasa da yaji, a kuma ajiye mata ruwa mai tsabta kullum. In ta ƙi abinci kwana biyu, a kai ta asibitin dabbobi, kada a ba ta farasitamol, domin ƙwaya ɗaya tana iya halaka ta.

Ya kamata malaman dabbobi na ƙananan hukumomi su sa wannan bayani cikin wayar da kan da suke yi wa jama'a a rediyo da kasuwanni. Wanda ya ajiye dabba a gidansa ya ɗauki amana, kuma haƙƙin ciyar da ita yana wuyansa. Rigakafi dai ya fi magani.