Su ke share coci, mu ke riƙe makulli

Tun ranar Lahadin da muka buɗe layi a kan maganar mata cikin ikilisiya, saƙonnin murya ba su daina shigowa ba. Wasu sun gode, wasu sun ce mun tona asirin gida a gaban baƙi, wani dattijo kuma ya ce rediyo ta ɗauke mana kunya. Minti talatin ba su isa amsa ba, shi ya sa muka zo nan. Ƴan uwanmu Musulmi, da ku ne mafi yawan masu karanta wannan shafi, ku yi haƙuri, yau wankin gidanmu za mu yi. Ba laifi in kun tsaya kallo.

Ga abin da ya tayar da maganar. A wata ƙaramar majami'a ta ƙauye, ba za mu faɗi sunanta ba, rufin ya shekara biyu yana yoyo. In damina ta kama, sai a jera kwanoni tsakanin benci ana sujada ana taren ruwa. Matan Zumunta suka ce abin ya ishe su. Suka kafa adashe, wannan ta sayar da ƙuli-ƙuli, waccan ta sayar da ɗan akuyarta, wata gwauruwa ta kawo kuɗin surfen da ta yi wa mutane. Da kuɗin suka taru, suka ɗaure su a ƙyalle suka miƙa wa dattawa ranar Lahadi, aka yi guɗa, aka yi musu addu'a. Bayan sati uku biro ya zauna, maza zalla, ya yanke cewa rufi ya jira, a fara gyara babur ɗin da ake fita bishara da shi. Wataƙila babur ɗin na bukatar gyara, ba mu musa ba. Amma ba a kira ko mace ɗaya an tambaye ta ba. Da shugabar Zumunta ta miƙe bayan sanarwa ta ce tana da tambaya, sai aka ce mata ta zauna, Littafi ya ce mace ta yi shiru.

Littafin bai hana a karɓi kuɗinta ba ke nan? Sai da ta buɗe baki aka tuna da aya?

Mu da muka tashi a cikin waɗannan majami'u mun san wanda ke riƙe da su, kuma ku ma kun sani. Da an gama girbi, an ɗaure gero an zuba a rumbu, maza sai su kama hanya: Kano, Legas, Agadas, wasu har Libiya da Aljeriya. Daga nan har saukar ruwan farko, shiga kowace ƙaramar majami'a ta karkara ka ƙirga kawuna. Mata ne, da yara, da tsofaffi biyu ko uku. Mai bishara guda yana zagaya ƙauyuka da yawa, ba kowace Lahadi yake isowa ba. Wa ke share wurin? Wa ke tara yara makarantar Lahadi? Wa ke ɗaga waƙa, wa ke karanta nassi in akwai mai karatu, wa ke zuwa gaishe da marar lafiya, wa ke kwana da uwar da aka kwantar da ɗanta a likitar yara ta Magariya lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya yi tsanani? Wata shida ikilisiya tana tafiya a kan ƙafafunsu. Ran da maza suka dawo da sabuwar shadda da rediyo a hannu, sai a ce mata su koma gefensu na benci, masu gida sun iso.

Mun ji hujjojin da aka turo mana, kuma ba za mu yi kamar ba su da nauyi ba. Ta farko ita ce nassi. Gaskiya ne, a wasiƙar Bulus ta farko zuwa ga Korintiyawa sura 14, da ta farko zuwa ga Timoti sura 2, akwai maganar shirun mata da maganar koyarwa. Ba mu ce a yage shafin ba. Amma wanda ya buɗe sura 14 ya daure ya koma baya kaɗan zuwa sura 11 ta wannan wasiƙar dai, inda Bulus ɗin nan yake tsara yadda mace za ta yi addu'a da annabci. Mai yin annabci da baki a rufe, mu dai ba mu taɓa ganinta ba. Ya buɗe Romawa 16, ya ga sunan da aka fara ambata: Fibi, mai hidima a ikilisiyar Kankiriya, wadda Bulus ya ce a karɓe ta a taimake ta. Ya duba Ayyukan Manzanni 18, inda Bilkisu, wadda masu karatu da Faransanci suka sani da Priscille, ita da mijinta Akila suka ja Afolos gefe, mutum mai ilimi da iya magana, suka gyara masa fahimtarsa. A zamanin sarki Yosiya, da aka tsinci littafin Shari'a a Haikali, wurin wa babban firist ya tafi neman bayani? Wurin Hulda, mace. Debora ta yi shari'a a Isra'ila. Kuma labarin da dukan bangaskiyarmu ta rataya a kansa, tashin Almasihu daga matattu, Maryamu Magadaliya aka fara aika ta kai wa almajirai maza, lokacin da su suke ɓoye a ɗaki da ƙofa a kulle.

Masana tauhidi sun daɗe suna jayayya a kan yadda za a haɗa waɗannan wurare, kuma ikilisiyoyin duniya ba su zama baki ɗaya ba. Katolika ba ta naɗa mace firist, wasu ɗarikun Furotesta suna naɗa mata fastoci, wasu ba sa yi. Mu ma'aikatan rediyo ne, ba mu za mu raba wannan gardama ba, kuma yau ba ma maganar naɗin fasto muke yi ba. Abin da muke cewa ya fi haka sauƙi. A nuna mana ayar da ta ce mace ba za ta san inda baikonta ya tafi ba. A nuna mana inda aka rubuta cewa kayen lissafi haramun ne ga idon mace. Mutumin da ya haddace ayoyi biyu kacal a kan mata, kuma duka biyun masu rufe baki ne, ya manta da sauran, zaɓe ya yi a cikin Littafi, irin zaɓen da ake yi wa tumatir a kasuwa.

Hujja ta biyu ta fi ba mu dariya: wai wannan tunanin Turawa ne, mu ƴan lakwal muka kwaso shi daga littattafan Faransa. To bari mu taɓa tarihi kaɗan. Mishan ɗin SIM ya shigo Damagaram a 1924, ya kafa a Tsibiri kusa da Maradi, daga baya ya buɗe likitar Galmi a 1950, kuma Dungas tana cikin wuraren da ya zauna. Ku tambayi tsofaffinmu wa ya koya musu karatun Hausar boko, wa ya wanke musu gyambo, wa ya karɓi haihuwa. Za su lissafa muku matan mishan, da matan ƙasa da suka koya a hannunsu. Ita kuwa Zumuntar Mata, da ta bazu a majami'un Hausa na Najeriya da Nijar, da gangunanta da tulunta da kayanta iri ɗaya, wane Bature ne ya san kiɗanta? Tamu ce. Tana da shugaba, da sakatariya, da ma'aji, tana tara kuɗi tana lissafi, tana shirya taro na ɗaruruwan mata a ciyar da su a kwantar da su ba a ji wani abu ya ɓace ba. A majami'u da dama lissafin Zumunta ya fi na babban biro tsabta, kuma dattawa sun san haka, shi ya sa in aljihu ya bushe wurinsu ake zuwa rance.

A wajen coci ma haka abin yake. Asusun Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maradi a 1991, yau har ƙasashen waje ake kwaikwayonsa, kuma matan ƙauye ne marasa takardar lakwal suka riƙe shi da akwati da makullai. Ƙasa kanta ta yi dokar kaso tun shekarar 2000 don a ga mata a majalisa da manyan muƙamai. An ga mace ta zama kansila a meri, ta yi muhawara a kan kasafin kuɗin gari, amma ranar Lahadi ba ta isa ta tambayi kuɗin kwanon rufi ba.

Hujja ta uku ita ce wadda ake faɗa da murya ƙasa-ƙasa, kuma ita ta fi cin rai. Ana cewa mu ƴan kaɗan ne, ba mu kai ɗaya cikin ɗari ba a ƙasar nan, in muka bar mata suna magana a gaba maƙwabta za su ce addininmu ba shi da tarbiyya. Mun fahimci tsoron. Wanda ya ga ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, lokacin da aka ƙona majami'u a Damagaram, washegari kuma a Yamai, ba zai raina mai taka-tsantsan ba. Amma kada mu jingina wa maƙwabtanmu abin da ba su ce ba. A unguwanninmu akwai malamai mata da ke koyar da matan aure a makarantun Islamiyya, kowa na girmama su. Nana Asma'u, ƴar Shehu Usmanu, ta rasu tun 1864, amma har yau ana ambaton yadda ta naɗa jajis tana tura su ƙauyuka su karantar da mata. Maƙwabcin da ya san wannan tarihi ba zai yi mamakin ganin mace tana karanta lissafi a coci ba. Abin da zai ba shi mamaki shi ne ya ji an karɓi kuɗin gwauruwa an hana ta tambaya.

Tunda an taɓo 2015, bari mu faɗi abin da ke ranmu game da bangaskiya ta gaskiya, domin akwai masu cewa, har a cikinmu, wai bangaskiyar mace bin miji ce kawai, in ya shiga ta shiga, in ya fita ta fita. Ƙarya ce, kuma mun ga ƙaryar da idonmu. Mun san matan da mazajensu suka bar coci saboda kasuwa ko saboda neman aure na biyu, su suka tsaya. Mun san wadda danginta suka daina cin abincinta shekara da shekaru, ba ta zage su ba, ba ta kuma fasa zuwa sujada ba, ran da uwarta ta kwanta ciwo ita ce ta yi jinya har ƙarshe. Namiji Kirista in gari ya yi masa zafi yana iya ɗaukar jaka ya tafi Maigatari ko Kano a ce cirani ya je. Mace tana nan, a rijiya ɗaya da masu yi mata gori, a injin niƙa ɗaya, a gidan biki ɗaya, kullum. Mu da muke sa babbar riga mu zauna a kujerar gaba, wane gwaji muka ci da ya wuce nata? Timoti ɗin nan da ake jawo wasiƙarsa a rufe bakin mata, Bulus da kansa ya shaida cewa bangaskiyarsa daga kakarsa da mahaifiyarsa ta faro. Mu ma haka ne. Yawancinmu a bayan uwa muka fara jin sunan Yesu, tana daka tana waƙa.

Kada mata su ɗauka mun wanke su tas. Akwai laifinku a ciki, iyayenmu. Sau nawa wata ƴar yarinya mai bepese ta buɗe baki a taro, ku kuka fara harararta kuna cewa ba ta da kunya? Sau nawa aka cire yarinya daga kwaleji aka yi mata aure da sunan kada ta auri wanda ba na cikin gida ba, kuna zaune kuna guɗa? Ikilisiyar da ke aurar da ƴan matanta kafin su iya karanta Littafin da kyau, ta shirya ke nan wa wani ƙarni na masu shara da dafa abincin taro, sannan ta dawo ta ce ai babu matan da suka cancanta.

Abin da muke nema a wurin shugabanninmu, na EERN da na sauran ɗariku da ke aiki a wannan yanki, ba ya bukatar taron ƙasa. Kowace majami'a ta ba Zumuntar Mata kujera a zaman da ake yanke maganar kuɗi da aiki, kujera mai murya, ba ta kawo ruwan sha ba. A karanta lissafin baiko da zakka a gaban kowa, ko sau ɗaya a wata uku, da Hausa. Kuɗin da aka tara don abu kaza kada a juya shi sai an koma wurin waɗanda suka tara. In ana zaɓen waɗanda za a tura karatun Littafi Mai Tsarki, a Agye ko a wani wuri, a daina kallon mace a matsayin rakiyar miji kawai. Kuma matar da ta riƙe sujada duk rani, in fasto ya zo, ya kira sunanta a gaban jama'a ya gode mata, maimakon a yi kamar mala'iku ne suka buɗe ƙofar.

Dattijon da ya ce rediyo ta ɗauke mana kunya, Baba, mun ji, kuma ba mu raina ka ba. Layi a buɗe yake ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada, ka kira, za mu ba ka lokacinka cikakke ba tare da katsewa ba. Amma mun riga mun gayyaci shugabannin Zumunta biyu, ɗaya daga Magariya ɗaya daga Dungas, su ma za su yi magana. Ita kuwa majami'ar da muka ambata, mun sake tambaya shekaranjiya: babur ya tashi, rufin yana nan yadda yake, kuma saura ƴan makonni hadari ya fara haɗuwa a gabas.